Waya Ta Uku a Gidan Malam Ishiyaku

Da hantsi ranar Laraba wani mai babur ya shigo ofishin 'yan sanda na Rano yana haki, ya ce akwai gawa a gefen hanyar Lausu. Insfekta Abdulganiyyu ya ajiye kofin shayinsa ya bi shi.

Gawar Amiru ce, makiyayin da ya daɗe da zama a Lausu yana noma yana kiwo. Da sanduna aka kashe shi, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Jama'a sun cika wurin, amma duk wanda aka tambaya sai ya ce yanzu ya iso.

Da ƙyar wani ya nuna wa Insfekta abin da ke yawo a wayoyi tun shekaranjiya. Hoton Amiru ne a Fesbuk, a shafin wani mai kiran kansa Mai Kishin Rano. A ƙasa an rubuta: "Wannan ne ke kai wa masu garkuwa da mutane rahoto."

Shekara goma sha tara Insfekta ya yi yana wannan aiki, ya san ba za a taɓa samun masu sandunan ba. Idan gari ya haɗu ya yi kisa, kowa makaho yake zama. Don haka ya nemi wanda ya yi rubutun.

Bayan mako uku amsa ta zo daga hedikwata a Kano. Da layin wata rauta aka yi rubutun, irin ƙaramar na'urar nan da ake ajiyewa a gida ta raba wa wayoyi intanet. Layin na ɗauke da sunan Malam Ishiyaku, tsohon shugaban makarantar firamare. Kafin motar 'yan sanda ta kai ƙofar gidansa, labari ya riga ta.

Difi'o, shugaban ofishin, ya ce ranar Litinin za a miƙa tsohon zuwa Kano a kan tuhumar haddasa kisa. Insfekta ya san mutum mai shekara sittin da takwas da hawan jini, idan ya shiga jiran shari'a, da wuya ya fito da ƙafarsa. Kwana uku ne a hannunsa.

Ya sa aka shigo masa da tsohon. "Malam, ka san Amiru?"

"Ban san shi ba, Yallaɓai."

"Bara shanunsa ba su shiga gyaɗarka ba? Ba har gaban mai unguwa kuka je ba?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "An yi haka. Tsoro ne ya sa na musa. Amma ya ba ni haƙuri, na haƙura."

"Ina wayarka?"

Ya nuna 'yar raka-ni-kashi mai maɓallai da ke kan tebur, an ɗaure murfinta da roba.

"Rautar fa, ta wace ce?"

"'Yata Afra'u ce ta sa aka kawo, saboda karatunta. Ni ko kunna ta ban iya ba."

Afra'u kuwa tun safe tana bakin kantar ofishin, ta ƙi tafiya. Da aka shigo da ita ba ta jira tambaya ba.

"Ni na rubuta. Ku saki Baba."

"Wace rana kika rubuta?"

"Litinin."

"Kina ina ranar Litinin ɗin da azahar?"

Insfekta ya amsa mata da kansa.

"Kina Kano kina jarrabawa, na tambayi makarantarku. Kada ki sake yi min ƙarya, ba ta taimakon mahaifinki." Ya sassauta murya. "Wayoyi nawa ne ke hawa rautar nan a gidanku?"

"Wayata da kwamfutata. Shi ke nan."

"Kin taɓa ba wani lambar sirrin?"

"Wallahi ban taɓa ba. Ko ƙawayena na hana."

Insfekta ya sa aka fito da rautar daga ɗakin ajiyar shaida, aka kunna. Afra'u ta buɗe masa jerin na'urorin da suka taɓa hawa. Uku ne: wayarta, kwamfutarta, da wata waya da ba ta taɓa gani ba. Ita ma ta yi mamaki.

"Wa ya saita muku ita?"

"Muhammad Sani mai gyaran waya, na bakin tasha."

Muhammad Sani mutum ne mai fara'a da surutu, irin wanda bai taɓa zargin kansa da komai ba. Ya ba Insfekta benci, ya ce a kawo lemo.

"Wace lambar sirri ka sa wa rautar Malam Ishiyaku?"

"Ai lambar wayata ce, Yallaɓai. Ita nake sa wa kowa. Mutanenmu mantuwa gare su, yau ka sa musu, gobe su zo su tada maka hankali. Amma lambata tana jikin allon shagona, duk wanda ya manta ya zo ya duba."

"Sunan rautar fa?"

"Sunan shagona. Talla ce kyauta." Har da dariya ya faɗa.

Insfekta bai yi dariya ba. "Wato idan gida biyu suna jere, duka kai ka saita musu, waya za ta iya bambance tata da ta maƙwabci?"

Fara'ar ta fara gushewa. "Ba za ta iya ba. Wadda ta samu a kunne za ta hau."

"A layin su Malam, wa ka saita wa kuma?"

"Muhyiddeen, mai katanga ɗaya da su. Shi kam layin rautar da kansa ya kawo, ya ce kada in yi masa rajista."

Insfekta ya san Muhyiddeen. Kwana biyun nan shi ke kawo wa Malam kunu da ƙosai ofis, yana faɗa wa 'yan sandan kanta cewa haƙƙin maƙwabtaka ne. Har sajan ya yabe shi.

Kafin ya je wurinsa, Insfekta ya bi ta kotun shari'a, ya nemi rajistara. A nan ya ji cewa wata huɗu da suka wuce an yanke hukunci a kan wata fadama a Lausu. Amiru ne ya yi nasara, wanda ya kai ƙarar kuwa Muhyiddeen ne. Insfekta ya sake duba hoton nan na Fesbuk. Bishiyar darbejiyar da ke bayan Amiru ita ce ta harabar kotun, ga bencin masu jira a gindinta.

Ya sami Muhyiddeen a zaurensa yana gyara injin ban ruwa.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai. Ya jikin Malam? Wallahi abin nan ya dame mu."

"Kana da rauta a gidan nan?"

"Ni? Me zan yi da ita? Data nake saya a waya."

"Muhammad Sani ya ce ya saita maka."

"Au, wannan. Ai ta daɗe da lalacewa."

"Kawo wayarka."

Ya miƙa. Insfekta ya duba sunan wayar da lambarta, ya gwada da abin da ya kwafo daga rautar Malam. Ɗaya ne, babu bambanci.

"Ranar Litinin da aka yi rubutun nan, akwai wuta a unguwar nan da azahar?"

"Ba zan tuna ba."

"Ni na tambaya. Tun safe aka ɗauke. Rautarka da wutar gari take aiki, ta mutu. Ta Malam tana kan sola. Ka sayi layin da babu sunanka don kada a gano ka, ka zauna a ɗakinka kana ganin ka yi dabara. Wayarka kuwa ta tsallaka katanga ta hau ta maƙwabci, ba ka sani ba."

Muhyiddeen ya zauna a ƙasa, kusa da injin.

"Ban yi nufin a kashe shi ba," ya ce daga baya. "So nake a kore shi daga Lausu. Fadamar kakana ce."

"Malam fa?"

"Na rantse ban san ta wurinsa ta bi ba, sai ranar da kuka zo kama shi."

"Da ka sani, me ka yi?"

Ya share hawaye da hannun riga. "Na kai masa kunu."

Insfekta ya ji ƙyamar mutumin har cikin ransa, bai kuma ɓoye ba. Ya kira kofur ya sa masa ankwa, aka fito da shi. Mutanen layin suna tsaye a ƙofofinsu suna kallo.

Bai kai mota ba ya fara jin abin da ake cewa. Wani ya ce an dai samo talaka an ɗora masa don a ceci ɗan boko. Wani ya ce ta yaya waya za ta haura katanga, aljani ce? Insfekta ya tsaya ya yi musu bayani dalla-dalla, suka gyaɗa kai irin na wanda ke jira ka gama ka tafi.

Ana gab da la'asar aka saki Malam Ishiyaku. Insfekta da kansa ya mayar da shi gida a motarsa. Afra'u tana baya, rungume da ledar magungunansa. Suna shiga layin aka kira salla, tsohon ya ce a sauke shi a masallaci, kwana uku rabonsa da jam'i.

Ya shiga ya tsaya a sahun farko. Wanda ke damarsa ya gyara hula ya koma sahu na biyu. Na hagunsa ya matsa kamar mai neman iska. Liman ya waiwayo ya ce a daidaita sahu, a cike gurbi, amma babu wanda ya motsa.

Insfekta ya cire takalmansa ya shiga, ya tsaya a daman tsohon, kafaɗa da kafaɗa. Liman ya sake cewa a cike gurbi, ya ɗan jira, sannan ya yi kabbara. Har aka sallame babu wanda ya zo ya tsaya a hagun Malam Ishiyaku.