Sifili a Cikin Kore

Maciji ya sari Ubale a gonarsa ta riɗi, can gefen Sule Tankarkar. A asibitin ƙauyensu babu ko kwalba ɗaya ta maganin dafi. Kafin la'asar ya cika. Washegari ƙara ta iso gaban Sufeto Abduljabbar a Gumel.

Ya nufi ma'ajiyar da ke raba wa ƙauyukan magani. A bango akwai allon kwamfuta mai jadawali, kowane asibiti da layinsa. Inda magani ya ƙare layin ya yi ja, inda ya kusa ya yi rawaya, inda ya wadata ya yi kore. Allon nan kuwa kore shar, sai ka ce gonar damina.

"Me ya hana ka kai musu?" ya tambayi Ɗantala direba.

"Yallaɓai, ni launi nake dubawa. In ban ga ja ba, ba na tayar da mota."

Sufeto ya matsa kusa. Layin ƙauyen Ubale sifili ne, zaune daram a cikin kore.

Rhoda, mai shigar da bayanai, ta buɗe tsarin launukan. "Uku na sa. Yanzu biyu ne, daga kore mai duhu zuwa mai haske. Ba ni ba ce." Sai dai da sunanta aka shiga, shugaban ofis kuma har ya fara maganar kora da kotu.

Malam Gudaji mai riƙe da sito ya taɓe baki. "Ni ko kunna abin nan ban iya ba. A dai matsa wa yarinyar."

Sufeto ya sa aka duba lokacin da aka yi canjin. Lahadi, da hantsi.

"Lokacin tana coci tana jan waƙa, ga shaidu," in ji shi. "Lambar sirrinta kowa ya sani a nan. Makullin ofis kuwa, Malam, hannunka kaɗai yake kwana. Ka zaɓi ranar da ba ta nan, ranar ce ta wanke ta."

Gudaji ya amsa cewa ya tsallakar da katan-katan na maganin ta iyakar Maigatari, ya sauya launukan don kada a gane. "Amma launi kawai na taɓa, ban taɓa mutum ba."

"Ka gaya wa marayun Ubale haka."

Aka ɗaura masa ankwa aka fita da shi. Babu wanda ya ba Rhoda haƙuri. Ta zauna ta mayar da launukan, nan take rabin allon ya rine ja.

Shugaba ya leƙo, ya ɓata rai. "Rhoda, ɗan sassauta jan nan. Gobe muna da baƙi daga Dutse."