Waya a Kan Tsohuwar Rijiya

A layinsu na Unguwar Mu'azu da magariba ake kawo wuta, don haka da magariba Ishaku yake sa cajin motarsa mai lantarki, wadda yake haya da ita. Soket ɗin kicin yake amfani da shi. Da yake wayar motar ba ta kaiwa, sai ya haɗa ta da wata siririya, ya ja ta tsakar gida, ragowar ya naɗe a kan murfin tsohuwar rijiyar da aka daina ɗiba.

Ran nan yana alwala, dutse ya faɗo a kan kwanon rufin gidan. Wani ya biyo. Ya leƙa waje, layin shiru. Da ya dawo sai ya ji kukan jariri, can ƙasa-ƙasa, alhali nasu jaririn yana cikin matarsa Zainab, bai zo duniya ba.

Haka aka yi ta yi duk magariba. Zainab ta daina yi masa dariyar nan da yake baro titi da wuri dominta. Ranar Alhamis ta riƙe hannun rigarsa.

"Yaya, tun jiya bai motsa ba."

A asibiti aka ce zuciyar yaron tana bugawa. Suna dawowa aka kawo wuta, ya sa caji. Zainab ta tafi ta zauna a bakin rijiyar, ta soma jijjiga hannuwa kamar mai rarrashi.

Malam Tukur mai ruƙiyya ya zo bai ko shimfiɗa buzu ba. Ya daɗe yana karatu kafin Zainab ta ɗago. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a dishe.

"Ya isa, Malam. Ni aka zalunta."

"Wace ce ke?"

"Mai rijiyar nan. Tun unguwar tana gonar rogo nake ciki. A kan murfin nan jikana yake kwana, wannan sakaran ya ɗora mana igiyar wuta. Bayan yaron duk ya saɓule. Na riƙe nasu sai nawa ya warke."

"Ɗan ciki bai yi miki laifi ba. Ki ji tsoron Allah."

"To, mai laifin ya ɗauke ta da hannunsa. Ban da tsumma."

Malam ya dubi Ishaku. "Kashe wutar gidan tukuna."

Ya kashe. A cikin duhu ya durƙusa, warin roba ya cika masa hanci. Wayar ta narke ta manne da murfin, da kwana ɗaya aka ƙara da gobara ce. Ya yi bisimilla ya damƙe ta. Zafin ya ratsa shi har haƙori, amma bai saki ba sai da ya ɓamɓare ta ya jefar.

"Yanzu ka ji," in ji muryar. "Ka kai wutarka bango."

Zainab ta yi atishawa, ta sulale a jikinsa.

Malam yana sa takalmi ya ce, "Gobe ka kira mai gyaran wuta ya yi wa motar nan soket nata ita kaɗai, da waya mai kauri. Ni ba na ruƙiyyar gobara."

Zainab ta buɗe ido, ta ga tafin hannun Ishaku ya tashi, ta soma hura masa a hankali. Can sai ta tsaya cak. Ta kamo ɗaya hannun nasa, ta ɗora a kan cikinta.

"Yaya, tsaya. Ka ji shi?"