Tsinken Sakan na Baba

"Wa ya rubuta sunan nan, Dogo?"

Ko zama bai gama yi ba na riƙo hannunsa. A fuskar agogon da na haɗa masa, daidai wurin da na bari fayau, ga sunan wani babban kamfanin agogon masu hannu da shuni an zana da ruwan zinariya.

"Haba Injiniyata... ko ruwa ba za ki ba ni ba?"

"Wa ya rubuta?"

"Wani mai gyara ne. Ɗan ado ne kawai, wallahi!"

Ni ba injiniya ba ce, a kantin magani nake aiki. Haɗa agogo kuwa ciwo ne da na gada wajen marigayi Baba. Sai mu ga hoton agogon manya, mu sayo inji nan, gilashi can, mu zauna mu kwaikwaya. Doka ɗaya Baba ya kafa: a kwaikwayi kyan, amma kar a ari sunan. Cewa yake wanda ya hau dokin wani, a hanya zai sauka.

Wata huɗu na yi a kan agogon saurayina Dogo, a teburin cin abincinmu. Yaya, wanda ya riƙe ni tun rasuwar Baba, shi ke haska min tocila yana mita. Ranar da wani ɗan noti ya faɗi, da rarrafe ya nemo shi a ƙarƙashin kujera, yana cewa, "Ko ni da na raine ki ban samu irin wannan gatan ba!"

Da na zo ƙarshe, na buɗe tsohon agogon Baba na ciro jan tsinkensa na sakan, na dasa a na Dogo. Yaya ya daɗe yana kallona. Ya gane na riga na yi nisa.

Jiya ne Dogo ya fara zuwa gaida Yaya. Ina kicin ina jiyo su.

"Kai, agogon nan ya yi kyau," in ji Yaya. Hanya ya buɗe masa don ya yabe ni, su yi dariya, zumunci ya ƙullu.

Sai na ji Dogo ya gyara murya. "Ai na asali ne, Yaya. Daga waje na sa aka kawo min."

Cokali ya suɓuce daga hannuna.

Yaya ya raka shi har ƙofa da fara'arsa. Da ya dawo ya tsaya a bakin kicin, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Auta, ba zan hana ki ba. Amma tsinken Baba na gani yana zagaye ƙarƙashin sunan wasu. Wanda ya ji kunyar aikin hannunki yau, ban san me zai ji kunya gobe ba."

Da zagina ya yi, da ya fi min sauƙi.

Shi ya sa yau na kira Dogo, na zaunar da shi a teburin nan. Na faɗa masa Yaya ne ya riƙe min tocila sanda nake haɗa agogon. Nan take ya zabura.

"Ya sani? Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Wato da na gaya maka, wata ƙaryar za ka shirya?"

"Ki fahimce ni, rabin raina! Motoci nake sayarwa. Kafin mutum ya kalli mota, hannuna yake kallo. Tunda aka sa sunan nan ake ce min ranka ya daɗe. Na so Yaya ya ga ƙanwarsa ba hannun banza za ta faɗa ba..."

"A wurin aikin naku, ka taɓa gaya wa ko mutum ɗaya ni na haɗa?"

Ya hau murza agogon a hannunsa.

"Ko ɗaya, Dogo?"

"Dariya za su yi min..."

Ina son mutumin nan. Ko a lokacin ma ina sonsa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Na tuna ranar da na auna hannunsa da zare, yana tsokanata wai ɗaure shi zan yi. Da ya ce min zai koma gun Yaya ya faɗi gaskiya, wallahi da na yafe. Na jira. Sai cewa ya yi:

"Ki lallaɓa shi mana. Ki ce wani ne daban, kama ce kawai suka yi."

Na miƙa hannu. "Ciro shi."

Na shimfiɗa farin ƙyallena. Na kwance murfin baya, na zare makunnin, na fito da injin. Sau biyu hantsaki na kuɓuce min, don hawaye sun hana ni gani. A na uku na ɗago jan tsinken, na kwantar da shi a cikin gwangwanin da Baba ke ajiye ƙananan kayan agogo. Sannan na mayar da komai yadda yake, na goge gilashin, na ɗaura masa da kaina.

"Zai ci gaba da ba ka lokaci daidai. Ba wanda zai gane an cire wani abu."

"Injiniyata, don Allah... saboda ɗan tsinke?"

"Shi kaɗai ne namu a ciki. Sauran na kamfanin da ka ari sunansa ne."

Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa yana kallon hannunsa, sannan ya fita.

Ban san Yaya ya dawo daga aiki ba sai da na ji an ja kujera kusa da ni. Ya dubi gwangwanin, ya dubi fuskata. Bai ce ai na gaya miki ba. Tashi ya yi ya ɗauko tsohon agogon Baba ya ajiye a gabana, ya kunna tocila duk da rana na haska ɗakin.

"Mayar masa da abinsa, Auta. Ni zan haska."

"Yaya, ba na gani..."

"Yi kukanki. Ba inda za ni."