Sunan Marika a Kan Allo

Ranar Juma'a ce, an sauko daga Masallacin Harami na Makka, Murja ta shigo falon iyayenta da kula a hannu tana ta fara'a. Wata takwas ke nan da aurenta da Ja'afar, kwana goma kuma da buɗe ɗan shagonsa na abinci. Ta durƙusa ta gaida mahaifinta Alhaji Abdulwasi'u, ta gaida Umma Hussaina, sannan ta buɗe kular.

"Baba, da hannunsa ya gasa maka. Ya ce duk Makka ba bakin da yake tsoro irin naka."

Gurasa ce mai laushi an naɗe ta da takarda. A ciki akwai gasasshen naman kaza da aka zare daga tsinke, da tumatir da albasa da soyayyen dankali, an kwarara kindirmo mai tafarnuwa da kokwamba. Alhaji ya juya ta, ya sunsuna. Shekara arba'in ya yi yana tsire a Nakkasa, a tukubar da ya gada wurin mahaifinsa, har ranar da aka rushe unguwar suka dawo wannan benen.

"Ina ƙulin? Ina yajin?" in ji shi. "Nama da nono, Murja? Wane irin abu ne wannan?"

"Sublaki sunansa, Baba. Abincin mutanen Girka ne. Ka ɗanɗana mana."

Bai kai ga baki ba sai ga yayanta Bandar ya faɗo falon da waya a hannu. A ofishin wani otal yake aiki, kuma tun farko bai so auren ba.

"Baba, kar ka ci! Wallahil azim kar ka ci! Dubi hoton nan da ya manna a shagon. Ka ga tsohuwar da ya tsaya kusa da ita? Ka ga naman da ke bayansu? Na tambaya, naman alade ne! Ga kwalabe nan a kan tebura. Kuma sunanta ya rubuta a allon shagon, a garin Makka! Abokaina sai dariya suke yi mini."

Alhaji ya ajiye gurasar a hankali, ya goge yatsunsa.

"Kira mini mijinki."

Bayan La'asar Ja'afar ya iso, ya zauna a ƙasa ya sunkuyar da kai. Bai musa komai ba. Ya ce kafin aure kuku ne shi a jirgin dakon kaya da ke tashi daga Jidda. Injin ya lalace, aka ja su zuwa tashar wani ƙaramin tsibiri na ƙasar Girka, ƙauyen masunta ne mai fararen gidaje, masallaci ko ɗaya babu. Masu jirgin suka yi watsi da su wata biyar. Abinci ya ƙare.

"Kwana biyu ban ci komai ba, Baba. Ina zaune a bakin ruwa wata tsohuwa mai rumfar gashi ta miƙo mini nama, na ƙi karɓa. Da ta gane dalili, washegari sai ta sayo sabon ƙarfen gashi, ta kawo kaza mai rai ta ba ni wuƙa, ta nuna mini da hannu in yanka yadda addinina ya ce. Marika sunanta. Gaskiya ne tana sayar da wancan naman a ɗaya gefen, amma Allah ne shaidata ban taɓa shi ba. Ita ta koya mini sana'ar nan. Masunta na sauka daga kwalekwale su saya su ci a tsaye, ni ina gefen kaza. Da azumi ya zo, ita ke leƙa rana ta kira ni in sha ruwa."

"Labari!" in ji Bandar. "Wa ya gani?"

Alhaji ya ɗaga masa hannu. "Ja'afar, abu biyu za ka yi. Ka sauke sunan matar nan da hotonta. Sannan in gashi kake so, ka yi tsire irin na iyayenmu, ni zan koya maka. In ba haka ba, Murja ta zauna a nan har ka yi tunani."

Ja'afar ya ɗago, idonsa ya kaɗa. "Baba, tsire zan koya da farin ciki. Hoton ma zan cire tunda ya ɓata maka rai. Amma sunan... ka yi mini afuwa. Matar da ta ciyar da ni ina jin yunwa, ba zan goge sunanta don ana yi mini dariya ba."

"To, kalas, magana ta ƙare. Tashi ka tafi. Murja, wuce ɗakin uwarki."

Murja ba ta motsa ba. Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta rawa.

"Baba, ban taɓa yi maka musu ba tun da aka haife ni. Yau ma ba raini ba ne. Amma kai ka ba mu labarin kakanmu, da ya taho daga Kano da ƙafa, shekara uku a hanya. Ka ce ya kwanta ciwo a wani ƙauye, wasu mutane da ko yarensu ba ya ji suka yi jinyarsa. Ka taɓa tambaya ko suna sallah? Kullum cewa kake Allah ya saka musu!"

"Ke! Da Baba kike magana haka?" Bandar ya daka mata tsawa.

"Kai kuma Yaya Bandar, sau nawa Baba ya roƙe ka ka tsaya a tukuba ka ce hayaƙi na ɓata maka riga? Yau ne ka zama mai kishin tsire?" Ta juya ga mahaifinta. "Baba, kai ka ɗaura mini aure da shi. Bai zage ni ba, bai bar ni da yunwa ba, bai bar sallah ba. In na bar gidansa a kan ya ƙi yin butulci, me zan gaya wa Allah? Zan bi mijina. Kuma duk Juma'a zan zo in gaishe ka, ko ka amsa ko kar ka amsa."

Umma ta kama hannunta tana kuka. "Murja, ki rufa mini asiri ki zauna ko kwana biyu ne, zuciyarsa ta huce."

"Ki yafe mini, Umma. In na zauna, na yarda da abin da aka ce a kansa ke nan."

Ta ɗauki mayafinta ta bi bayan Ja'afar.

Kafin mako ya zagayo magana ta cika gari. A gidajen biki, a ƙofar masallaci, ko'ina cewa ake surukin Alhaji Abdulwasi'u abincin masu cin alade yake sayarwa. Hausawan da suka fara zuwa suka ɗauke ƙafa. Wata rana Ja'afar ya jiƙa nama da man zaitun da lemon tsami tun safe, har Magariba tsinke shida kawai aka saya. Ya zauna a kan kujera ya riƙe kai.

"Murja, na raba ki da iyayenki a kan allo. Bari in sauke shi kawai."

"Ka sauke shi, ni kuma in koma gidanmu da gaske!" in ji ta. "Na tsaya a gaban Baba na faɗi abin da ban taɓa faɗa ba, sai yanzu za ka karaya? Tashi ka hura wuta, habibi. Daga gobe ni zan riƙa murza gurasar."

Haka aka yi. Ta koyi murza gurasa, ta koyi matse kokwamba kar kindirmon ya tsinke. Ta yi bidiyon mahaucin da suke sayen kaza a wurinsa ta sa a waya kowa ya gani. Direbobin bas da 'yan Umara suka fara tsayawa, amma mutanenta shiru. Duk Juma'a kuma tana zuwa gida ta durƙusa. Wata huɗu Alhaji na kawar da kai, tana gama gaisuwarta ta tashi ta yi kukanta a bayan ƙofa.

Wata Talata da hantsi, masu duba tsabtar abinci suka dira a shagon, suka ce an kai ƙara cewa ana sayar da haramtaccen nama. Mutane suka taru a titi suna kallo. Aka buɗe firji, aka duba takardu, aka ɗebi nama aka tafi da shi, aka ce a rufe shagon sai sakamako ya fito. Murja ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi taron.

"Ku kalla da kyau! Ranar da za a buɗe ma ku dawo ku kalla!"

Bayan kwana uku aka buɗe. Ba a sami komai ba.

Umma ce ta ba Alhaji labarin ana cin abincin rana. Bandar ya taɓe baki.

"Sun ɓoye ne kawai. Da na san haka, da na ce a je musu da sassafe."

Alhaji ya tsame hannunsa daga kwano. "Kai ka kai ƙarar?"

"Don mutuncin gidan nan na yi, Baba."

"Ka gani da idonka?"

Bandar ya kawar da kai.

"Na ce ka gani da idonka?" Muryar tsohon ta girgiza falon. "Shekara arba'in ina ciyar da ku da wuta da nama. Na san abin da kalma ɗaya ta ƙarya ke yi wa mai abinci. Fushina da yaron nan tsakanina da shi ne, ban aike ka ka yi masa ƙazafi ba! Ɗauko makullin mota."

Ana fitowa sallar La'asar motar ta tsaya a ƙofar shagon. Murja na murza gurasa ta hango mahaifinta, muciyar ta kuɓuce mata. Alhaji bai shiga ciki ba. Ya ja kujera ya dasa ta a bakin titi, inda duk mai fitowa daga masallaci zai gan shi.

"Ja'afar! Kawo mini biyu. Ɗaya nawa, ɗaya na wannan da ya kai ka ƙara. A nan zai ci, a gaban mutane, sannan ya roƙe ka gafara."

Bandar ya cinye nasa, kansa a ƙasa, ya ba da haƙuri da murya can ciki. Ja'afar ya rungume shi. Tsofaffin abokan cinikin Alhaji suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya.

"Alhaji, kai ne a nan?"

"Ni ne. Shagon ɗana ne. Wanda ke da magana ya zo ya faɗa a gabana."

Murja ta durƙusa a gefen kujerar tana kuka. Ya dafa kanta.

"Tashi, uwar taurin kai. Kin fi ni gaskiya, amma ba ki taɓa fasa gaishe ni ba. Allah ya yi miki albarka." Ya leƙa wurin gashin ya ɓata fuska. "Kai kuma, wa ya ce maka ana ɗora nama wuta na ci haka? Sai garwashi ya yi fari! Matsa, ba ni maficin nan."

Ya naɗe hannun rigarsa ya tsaya a gaban wuta, karo na farko tun da aka rushe Nakkasa.

Wannan shi ne abin da ya faru da Murja da Ja'afar. Duk wanda ya taimake ka ranar wahala, ko daga ina ya fito, kar ka ji kunyar ambaton sunansa. In kuma gaskiya ta haɗa ka da iyayenka, ka tsaya a kanta, amma kar ka daina durƙusa musu, domin da haƙuri da ladabi Murja ta riƙe mijinta ba ta rasa mahaifinta ba.