Ranar da Babur Ɗin Kaka Ya Ƙi Tashi

A gidansu Auta akwai wani tsohon babur, dogo mai tayoyi masu kaushi, irin na shiga daji da hawa tudu. Na marigayi kakanta ne, Baba ya gada. Ya girmi Auta nesa ba kusa ba. Baba yakan tsokani Umma ya ce ita ma da kaɗan ta girmi babur ɗin.

Babur ɗin ba ya shan fetur zalla. Sai an zuba masa baƙin mai ɗan kaɗan, an jijjiga sun gauraya.

"In babu baƙin man nan, injinsa ƙonewa zai yi," in ji Baba.

Umma kuwa ta gaji da shi. Kullum gyara, kullum hayaƙi a kan shanyarta.

"Baban Auta," ta ce, "ka yi mini alkawari. Ranar da ya sake lalacewa, mai sayen ƙarafa zai tafi da shi."

Baba ya yi alkawari, ba don ransa ya so ba.

Maganar nan ta tsaya wa Auta a rai. Tana son babur ɗin, tana son zama a gaban Baba iska tana kaɗa mata ɗankwali. Sai ta yi wani tunani irin nata. Idan baƙin mai kaɗan yana kare inji, ai mai yawa zai fi karewa! Da yamma, da ta ga ba kowa a tsakar gida, ta buɗe tankin ta juye kwalbar baƙin man gaba ɗaya. Ta cusa kwalbar bayan tulu, tana ganin ta yi abin kirki.

Washegari ba makaranta. Baba ya fito da babur zai je gona. Ya buga kik. Babur ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru. Ya sake bugawa, ya sake, har zufa ta jiƙa masa riga.

Auta ta tsaya a gefe tana kallo.

Baba ya girgiza babur ɗin, ya kasa kunne. "Akwai mai," ya ce. "Auta, miƙo mini sifana."

Ta miƙa masa. Ya kwance fulogi, wato ɗan ƙarfen da ke ba injin wuta. Ya fito baƙi ƙirin, yana naso. Baba ya goge shi da tsumma, ya jingina shi jikin injin, ya buga kik. Wuta ta yi tartsatsi.

"Wuta ma lafiya lau. To mene ne?"

Ya mayar, ya buga, shiru. Ya sake kwancewa. Fulogin ya sake jiƙewa sharkaf da baƙin mai. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zauna a kan kujera 'yar tsuguno.

"Shi ke nan," ya ce a hankali. "Man giya ne ke yoyo cikin injin. Kayan gyaran wannan kuwa an daina yin su."

Auta ta saci kallon wajen tulun. In ta faɗa, Baba zai yi fushi. In ta yi shiru, babur zai tafi.

"Ke kuma lafiya kika yi tsuru-tsuru?" in ji Umma.

"Lafiya lau, Umma."

Ba lafiya ba ce. Abincin rana ma kasa ci ta yi.

Da la'asar mai sayen ƙarafa ya zo da amalankensa. Ya zagaya babur ɗin, yana ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa.

"Ƙarfen da ne, mai nauyi," ya ce. "Yau ɗin nan za a farfasa shi."

Baba ya shafa kujerar babur ɗin, inda ta tsage ya ɗinke da hannunsa. Auta ba ta taɓa ganin idon Baba ya yi ja haka ba. Mutumin ya kama kan babur ya fara turawa.

"Kada ka tafi da shi!" Auta ta ƙwalla ihu, ta fashe da kuka. "Baba, ni ce! Ni na zuba masa baƙin mai, duk kwalbar. So nake kada ya lalace."

Mutumin ya dakata da turawa.

"Duk kwalbar?" in ji Baba.

Ta ruga bayan tulu ta ɗauko ta. Baba ya jijjiga, babu ko ɗigo. Nan da nan ya zare tiyon da ke ƙasan tankin, ya tara roba. Maimakon fetur, sai ga mai mai kauri yana zubowa a hankali kamar zuma.

"Ashe!" in ji Baba. "Baƙin man ya kwanta a ƙasan tanki, shi injin ke ta sha. Malam, yi haƙuri, mun fasa."

Ya juyo ga Auta, fuskarsa ba dariya. "Yau babu wasa. Ke kika ɓata, da ke za a gyara."

Haka ta tsuguna. Ta riƙe roba har tankin ya tsiyaye. Baba ya kwance kafireto, inda fetur ke haɗuwa da iska, ya wanke shi tas. Ita ta goge fulogi har yatsunta suka yi baƙi. Ƙawayenta suka leƙo suka kira ta, ta girgiza kai.

Baba ya haɗa sabon mai daidai awo, ya zuba. Ya hau, ya buga kik. Shiru. Auta ta runtse ido. Ya sake bugawa.

Tang-tang-tang-tang! Hayaƙi ya turnuƙe gidan. Auta ta daka tsalle. Umma ta fito tana tari, tana dariya.

Baba ya kashe babur, ya jawo Auta kusa da shi.

"Niyyarki mai kyau ce, 'yata," ya ce. "Amma abin da ba ki sani ba, ki tambaya kafin ki taɓa. In kuma kin yi kuskure, ki faɗa da wuri. Da a ce tun da safe kika faɗa, da ban rasa zuwa gona ba. Da kuma kin ƙara yin shiru kaɗan, da yanzu ana farfasa shi."

"Na tuba, Baba. Ba zan sake ɓoyewa ba."

"Na yafe miki. Je ki wanke hannu ki zo ki hau, mu zagaya unguwa kafin rana ta faɗi."