Baiwar da Aka Soke

Najib ya fara ganin Zuwairatu ne a tagar ajin da ya daina koyarwa a ciki. Malamin firamare ne da aka turo Batsari, amma tun da mutanen Runka suka gudo wa 'yan bindiga aka sauke su a makarantar, sai ya zama malami mai allo babu ɗalibai.

Don kada zaman banza ya kashe shi, ya ƙirƙiro wasa a kan teburinsa bayan la'asar. Kowa zai rubuta mutum a takarda, da suna da baiwa uku. Najib ya riƙa ba da labari, 'yan wasa su faɗi abin da mutanensu za su yi, a jefa ƙwayar ludo a ga ko sun dace. Doka mai nauyi ɗaya ce: baiwar da ta kasa cetonka za a soke ta, ka rubuta wata da ta dace da halin da ka shiga.

Kwana uku tana leƙe kafin ta yi magana.

"Malam, mata ba sa yi ne?"

"Suna yi. Kujera ce babu."

"Mu da muka baro gida, kujera ce za ta hana mu?"

Ta rubuta Larai: mai gudu, mai haƙuri, mai sanin hanyar gida.

Akwai kuma Huzaifa mai shagon cajin waya, wanda mutuminsa ke da bindiga biyu kuma ba ya mutuwa. Kullum sai ya ceci Larai, ko ba ta cikin haɗari. Ita kuwa saƙonninta wayar Najib suke sauka.

"Malamina, gobe ka sassauta wa Larai. Ta gaji."

"Zuwai tawa, Larai tana hannun ƙwaya. Ni ina hannunki."

Wata Laraba labari ya kai Larai cikin daji. Zuwairatu ta ce, "Za ta bi hanyar gida." Ƙwaya ta faɗi a kan ɗaya. Najib, da yake mutum ne mai bin doka a ƙasar da doka ta yi ƙaura, ya ɗauki biro ya ja layi a kan sanin hanyar gida.

Ta miƙe ta fita ba sallama. Da dare Najib ya aika mata saƙo.

"Zuwai, ƙwaya ce, ba ni ba."

"Ƙwaya ba ta riƙe biro. Ka soke mini Runka a gaban mutane. Ba zan auri wanda ya riga ya binne garinmu ba."

Huzaifa bai yi sanya ba. Ya sami mahaifinta, Malam Barau, ya ce masa malamin nan caca yake koya wa 'yarsa. Tsohon ya hana ta taka ajin, sannan ya zo da kansa don ya kama mai laifi da hannu dumu-dumu.

Najib ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi gajiya da iyali da haƙurin zama.

"Baba, kafin ka yanke hukunci, ka yi zagaye ɗaya."

"Ban iya boko ba. Rubuta: manomi ne. Ya san ranar shuka."

Labari ya tafi, manomin ya rasa gonarsa, ƙwaya ta ƙi shi. Najib ya riƙe biro.

Malam Barau ya daɗe yana kallon takardar da ba zai iya karantawa ba.

"Soke," ya ce. "Damina biyu ke nan ban shuka ba. Rubuta: ya iya zaman gidan wani bai tsine wa kowa ba."

Ya karkaɗe rigarsa ya dubi Huzaifa. "Kai kuma, wannan ba caca ba ce. A caca akan sami wanda ya ci."

Washegari saƙo ya shigo.

"Malamina, Baba ya faɗa mini ya soke tasa da bakinsa. Na yi kuka har na ƙoshi. Rubuta wa Larai: tana kafa murhu duk inda ta sami duwatsu uku. Ban fasa son Runka ba, kada ka yi murna da yawa. Turo magabatanka."

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Dangin da suka rage a Runka ba su zo ba, don babu direban da ya yarda ya bi hanyar ranar. Gwaggonta ta sa albarka ta waya, rabin addu'ar ya tsinke a iska.

Liman ya ɗaga hannu ya ce Allah ya ba su zuri'a ɗayyiba, ya haɗa kansu, ya zaunar da su a ƙarƙashin rufin da ba wanda zai tashe su. A nan ne amin ɗin jama'a ya yi tsawo, Malam Barau kuwa bai sauke hannunsa ba sai da kowa ya shafa.