Layi Biyu a Jikin Sirinji

"Ina sirinjin da na ajiye a nan?"

Yayar mijinta na ta jera filas da ledoji a kan durowar gefen gado, shi kuwa mijin yana jingine da bango, ya ƙura wa takalminsa ido kamar yau ya fara ganin sa.

"Da ku nake! Ina sirinjina?"

"Wai wannan ƙazantar?" Yaya ta yatsina fuska. "Na wurga a kwandon shara. An gama allura an bar wa mutane a wurin ajiye abinci, sai ka ce bola..."

Mai jego ta dafa gado ta leƙa kwandon. Ga shi can kwance tsakanin audugar goge ciwo da ɓawon lemo. Ɗinkin cikinta ya ja ta, amma ba shi ne ya fi yi mata zafi ba.

Kwana uku ke nan da aka yi mata aiki aka ciro 'yarta bakwaini, kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Yarinyar na ɗakin jarirai cikin kwalba, ba ta da ƙarfin tsotso, sai dai a ɗura mata ta siririyar robar da aka zura mata a hanci. Minti arba'in cur mai jego ta yi da safen nan tana matsa nononta kamar yadda Sista ta koya mata, har ruwan farko mai kauri, mai launin rawaya, ya kai layi biyu a jikin sirinji. Da sha biyun rana za a ba yarinyar. Wanke hannu kawai ta tashi yi.

"Yaya, abincin 'yata kika zubar."

"Abinci? Wannan ɗan tsirit ɗin? Ko kyanwa ta lasa ai sai ta kai ƙara!" Yaya ta zaro gwangwanin madara daga jaka ta dire. "Ga abinci nan. 'Ya'ya shida na haifa, ban taɓa ganin an auna nono da allura ba. In ba ki da ruwan nono ki faɗa, ba abin kunya ba ne. Wasu matan haka Allah Ya yi su, sai ado."

Mai jego ta juya ga mijinta.

"Kana tsaye ta jefar?"

"Ban... ban lura da kyau ba, Zuciyata..."

"Kada ka ƙara kira na da wannan sunan. Ka gani!"

Ya gani. Ta san ya gani, don jiya da hannunsa ya ɗauki irin sirinjin yana murmushi. Amma Yaya ce. Yayar da ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, wadda har yau in ta ce "Auta" sai ya bi duk abin da ta ce. Namiji har namiji, ga gemu ga faɗin kafaɗa, mai shagon gyaran waya guda, amma a gaban Yaya ko ƙudan da ya sauka a hancinsa ba ya iya korewa. Mai jego ta kalle shi sama da ƙasa, ta ja tsaki mai tsawo.

Hayaniyar ce ta jawo Sista, wata dattijuwar nas mai gilashi a saman hanci. Kallo ɗaya ta yi wa kwandon, ta yi wa gwangwanin.

"Hajiya, madara na da ranarta, in likita ya ce. Amma cikin yarinyar nan bai kai ɗan yatsanki ba, kuma babu abin da hanjinta ke karɓa kamar wannan da kika zubar. Lokacin ziyara ya ƙare. Bismillah."

"Auta, kana jin ana kora ta? Taso ka mayar da ni gida!"

Ya bi bayanta sum-sum. Mai jego ko kallon ƙofar ba ta yi ba.

Sista ta ja labule, ta kawo sabon sirinji da tawul mai ɗumi. Agogon bango ya nuna sha ɗaya da kwata. Mai jego ta matsa, ta sake matsawa har fatar ta yi ja. Ko ɗigo.

"Sista ya ƙafe... wallahi ya ƙafe! Me zan kai mata?"

"Bai ƙafe ba, 'yata, fushi ne ya riƙe shi. Sassauta kafaɗarki. Ina hoton da kika ɗauke ta jiya? Kalle shi, ki yi numfashi."

Ta kalli 'yar fuskar da ba ta kai tafin hannu ba. A hankali ɗigo ɗaya ya tsatso. Ta kai sirinji, kafin ta zuƙe ɗigon ya gangara ya ɓata a zani. Na biyu ma haka. Ta fashe da kuka.

"Aikin mutum biyu ne," in ji Sista. "Ni kuma jarirai tara ke jira na. Bari in gani..."

Ta ɗaga labule, sai ga mijin tsaye da makullin mota a hannu.

"Me ka dawo ɗauka?" mai jego ta ce. "Gwangwanin Yayarka? Ga shi can."

"Na tsayar mata da tasi."

"Oh! An yi jarumta. A kawo masa lambar yabo."

Sista ta kama hannunsa ta jujjuya. "Mene ne sana'arka?"

"Gyaran waya."

"Madalla. Mai ɗaure kusar da ido ba ya gani ba zai kasa wannan ba. Wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Ita ta matsa, kai ka zuƙe. In ɗigo ɗaya ya faɗi, ni da kai ne."

Ya durƙusa a gaban gado. Ta kawar da kai, ta matsa. Ɗigo ya fito, ya kai bakin sirinji ya ɗauke shi tsaf, ko motsi hannunsa bai yi ba. Na biyu. Na uku. Wayarsa ta hau ruri a aljihu.

"Ɗauka mana. Kada ran uwar gida ya ɓaci."

Bai ɗaga kai ba. Wayar ta katse, ta sake kira. Ya sa gwiwar hannu ya danna ta daga waje har ta yi shiru.

"Na gani lokacin da ta ɗauka," ya ce, idonsa na kan sirinji. "Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Shekara talatin ban taɓa ce mata a'a ba. Yanzu a bakin ƙofa na ce mata, duk wanda ya sake taɓa abin da kika tatsa wa 'yata, ba zai ƙara shigowa ɗakin nan ba. Ko ita."

"Me ta ce?"

"Ta ce an shanye ni. Ta yi kuka... ni ma na yi. Matsa, ga wani nan zai faɗi!"

Ta matsa. Ba ta san lokacin da kafaɗarta ta sauka ba, sai dai ta ga ɗigon na biyo juna.

Sha biyu saura biyar Sista ta dawo, ta ɗaga sirinjin ga hasken taga.

"Layi biyu da rabi. Kai mai gyaran waya, zo ka kai wa 'yarka da kanka."

Ya karɓa da hannu biyu. Mai jego ta sauko daga gado da ƙyar, ya miƙo mata kafaɗa ta dafa.

"Ba fa wai na yafe ba ne," ta ce.

"Na sani, Zuciyata."

Wannan karon ba ta hana shi ba. Suka taka a hankali zuwa ɗakin jarirai. A bakin ƙofa ta matse kafaɗarsa.

"Akwai na ƙarfe uku, da na shida, da na tara. Waye zai riƙe sirinji?"

"Na rufe shago."

"To riƙe shi da kyau, Baban 'yata. Ka ga tana motsa baki."